Ban-ruwan Wuƙar Bappa

A unguwarmu ta Ƙofar Ɗan Agundi, idan ka ce kana neman Malam Nu'umanu sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma ka ce Bappa, ko akuya ta nuna maka gidan. 'Ya'yan yayyensa ne suka fara kiran sa haka, da yake a Fulatanci haka ake ce wa ɗan'uwan uba, sunan ya bi shi har sahun gaba a masallaci. Ni ne Sule tela. Shagona yana manne da zaurensa shekara talatin da ɗaya ke nan, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba jita-jita ba ce. Wanda ban gani da idona ba, ta bango na ji shi.

Kakansa da shanu ya zo ƙasar Kano. Mahaifinsa ya sayar da garken ya shigo birni, ya zama dillali a kara. Shi kuwa Bappa boko aka sa shi, ya fito malamin dabbobi, ya yi shekara talatin da biyar yana yawo ruga-ruga da akwatin allura kafin ya ajiye aiki. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya rantsuwa, amma in ya kafe a kan magana gara ka je ka ture ganuwa. A kan duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu, ban taɓa jin ya ce bai sani ba. Abin haushin kuma, yawanci ya sani ɗin.

Shi ne mai yankan unguwa. Ragon suna, ragon layya, akuyar sadaka, duk a hannunsa suke ƙarewa, har liman kan miƙa masa wuƙa ya koma gefe. Hannunsa yana da sauri, kuma yana da dokoki. Ba a wasa wuƙa a gaban dabba. Ba a yanka ɗaya 'yar'uwarta tana kallo. Ba a jan rago ta ƙafa. Wanda ya karya ɗaya daga ciki zai sha wa'azi a tsaye, ko da shi ne mai gidan. Wuƙar da yake wannan aiki da ita ta mahaifinsa ce, ƙirar wani maƙeri da ya daɗe a kabari. An wasa ta an wasa har ta koma kamar tsinken tsire, rannan ta karye daga ƙota.

Ba a jima ba aka yi suna a maƙwabta. Mai gidan ya kawo wuƙa sabuwa fil daga kasuwa, ta waje, tana ƙyalli kamar madubi. Bappa ya taɓa bakinta da babban yatsa ya ce ba laifi. Da ya ɗora ta a wuyan ragon sai bakin ya lanƙwashe. Sau huɗu yana ja. Ragon nan ya yi wani irin kuka da har yau in na tuna nakan ajiye almakashi. Bappa ya ƙarasa, ya wanke hannu, bai tsaya karɓar goro ba. Kwana uku ba mu gan shi a majalisa ba. Da ya fito, ya zauna a bencin shagona ya daɗe yana kallon ƙasa.

“Sule,” ya ce, “shekara arba'in ina hana mutane, sai ga shi ni na zalunci rago a gaban yara.”

Na ce ai laifin wuƙa ne. Ya ce wuƙa ba ta zo wurin da ƙafarta ba.

Abin da ya sa maganar ta yi masa nauyi haka, akwai Fansho. Fansho sa ne fari mai baƙin kunne, wanda Bappa ya sayo yana ɗan maraƙi maraya a watan da ya bar aiki. Ni na sa masa sunan don tsokana, Bappa ya yi ta faɗa, ƙarshe shi ma da shi yake kiran sa. A kangon bayan gidansa ya raine shi, da madara a kwalba, har ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu, ya yi tozo, ya zama abin da yara ke hawa katanga su leƙa. Bappa ya riga ya yi niyyar layya da shi a wannan shekara, ya kuma faɗa a gaban dangi, shi kuwa ba ya magana biyu. Ga Babbar Salla tana tafe, ga shi ba shi da wuƙar da ya yarda da ita.

Na ce masa ya bar wa mahauci mana. Ya dube ni kamar na ce ya ba da 'yarsa aro.

“Ni na ba shi madara, ni zan sallame shi. Kuma ja ɗaya zan yi, in Allah ya yarda.”

Haka na goya shi a babur muka tafi bayan kasuwar Ƙofar Wambai, wani lungu da tun daga bakinsa kake jin ƙarar masaba, wurin Malam Garba maƙeri. Malam Garba gajere ne kakkaura, ƙarar ƙarfe ta ɗan taɓa masa kunne, don haka ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Bappa ya sayi wuƙa, ya kwana da ita, ya mayar, wai gabanta ya yi nauyi. Ya karɓi wata ya mayar, wai gajera ce. Ta uku wai bayanta ya yi kauri. A ta ukun nan Malam Garba ya ajiye masaba ya goge gumi.

“Malam, tunda ka fi ni sani, ga aji nan ina buɗewa ranar Asabar. Zo ka ƙera abarka!”

Gatse ya yi masa. Bappa ya ce, “Ƙarfe nawa?”

Ajin kuwa gaskiya ne. 'Ya'yan Malam Garba sun guje wa wuta, ɗaya yana tuƙa adaidaita, ɗaya yana gyaran waya. Ya duba ya ga in ya tsaya jiran gado, sana'ar za ta bi shi kabari, sai ya buɗe koyarwa ga duk mai so, Asabar da Lahadi daga safe zuwa azahar, mako goma. Wasu maƙeran sun yi ta gunaguni wai ya kai ƙira kasuwa. Ajin ya faɗo daidai tsakanin Ƙaramar Salla da Babba, ba rarar ko mako ɗaya.

Kafin Asabar labari ya kai Ƙofar Dawanau, gidan yayarsa Hajiya Baraka. Ta ɗauko adaidaita ta zo takanas. Ta bango na ji.

“Nu'umanu, girma ne ya zo maka da gardama? Mu jikokin mai sanda ne, ba na mai masaba ba. A ce ɗan gidanmu yana zaune cikin toka yana hura wuta?”

“Adda,” ya ce, “sandar ai ba ta yanka.”

Ta tafi tana cewa ai dama tun yana yaro haka yake.

Ni kuwa na zama direbansa. Kada a ce sadaukarwa na yi. Tela a tsakanin salloli ba shi da abin da yake so kamar wurin ɓuya, kuma babu mai ɗinkin da zai yi tunanin neman sa a maƙera.

Su takwas ne a ajin. Akwai samari masu digiri da aiki ya ƙi samuwa, akwai wani kafinta, akwai mai tsire da ya gaji da sayen wuƙaƙe, sai Bappa mai shekara sittin da uku, ya zo da farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ranar farko ba wanda ya taɓa masaba. Malam Garba yana da abin hura wuta na juyawa da hannu, wanda aka haɗa da wilin keke, amma ya ce sabon shiga da zugazugin fata zai fara, don ya san numfashin wuta. Da layi ya zo kan Bappa, ya zauna ya kama fatun biyu, ya jujjuya ɗaya ya ce, “Wannan akuyar ta yi fama da ƙazuwa kafin ta mutu.” Malam Garba ya ce ba asibiti ya kawo ta ba, ya zuga.

Maƙerin birni a ƙasa yake zama ya yi aiki, uwar maƙera, wato ƙarfen da ake duka a kansa, a tsakanin ƙafafunsa, wuta a hagu, komin ruwa a dama. Gwiwoyin Bappa sun faɗa masa gaskiya tun ranar. Da aka tashi sai da na ɗago shi, yana cewa ƙafarsa ce ta yi barci. Farar rigar kuwa matarsa Nana Hadiza ta ce ba za ta wanke ba, sai dai a yi tsumma da ita.

Mako na biyu aka ba su guntun rodi kowa ya yi ƙusa. Ta Bappa ta fito kamar ƙugiyar kamun kifi. Yana dukan ƙarfe da dukkan ƙarfinsa, ƙarfen yana guje masa, awartaki yana suɓucewa. Malam Garba ya riƙe masa hannu.

“Ba kashe maciji kake ba! Masaba tana da nauyinta, kai dai nuna mata wuri. Inda idonka yake, nan za ta sauka. Kuma in jan ya tafi, ka mayar wuta. Mai dukan ƙarfe da sanyi kafaɗarsa yake duka.”

Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Na tsokane shi na ce hannun allura ya zama na lebura. Ya ce gemu ba ya hana neman ilimi. A mako na huɗu ya fitar da 'yar wuƙar rodi, ya kai wa Nana Hadiza da alfahari. Ta yanka albasa da ita ta ce, to, ta dai fi cokali.

Amma gaskiya a faɗe ta, hannunsa ya fara faɗawa. Samarin sun fi shi ƙarfi, shi ya fi su haƙuri, kuma ya san abin da yake nema. A mako na biyar, da aka ce kowa ya zana wuƙar da yake so, su waya suka ciro suna duba hotuna. Shi alli ya karɓa ya zana ta mahaifinsa a ƙasa, daga ka, yadda take kafin dutse ya cinye ta. Tsawonta ya kusa kamu, bayanta a miƙe, cikinta da ɗan lanƙwasa kaɗan, ba ta da tsini. Malam Garba ya tsaya a kan zanen ya ce wanda ya ƙera asalin wannan ya san wuyan sa. Ya zaɓo masa ɓallen sifirin na tsohuwar mota daga cikin tarin ƙarafansa, ya ƙwanƙwasa shi a uwar maƙera ya saurara, ya ce wannan zai yi.

Mako uku Bappa yana kan ƙarfen nan. Ya miƙar da shi, ya baje shi, ya fitar da wutsiyar da za ta shiga ƙota, ya bi bakin da masaba a hankali har ya yi siriri, sannan ya kama magagari. Ranar Lahadin mako na bakwai ya ɗaga ta a haske, ni kaina na ce masha Allah. Daidai nan aka aiko wa Malam Garba cewa maƙwabcinsa ya rasu, za a yi jana'iza ƙarfe sha ɗaya. Ya sallami ɗalibai, ya zura riga, ya duba wuƙar a tsaye.

“Ta haɗu, Bappa. Saura ban-ruwa. Bari in je in dawo.”

To, a nan gizo yake saƙar. Ban-ruwa kalma ɗaya ce, amma kowa da abin da yake ji in an faɗe ta. Mai lambu ya ji, sai ya tuna fangalin albasarsa. Maƙeri ya ji, yana nufin tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa don bakinsa ya yi tauri ya riƙe kaifi. Bappa kuwa tun yana ɗan shekara bakwai, in an kai shi hutu ruga wajen kawunnansa, ban-ruwa shi ne aikinsa na farko. Ba a koya musu na maƙera ba tukuna, domin wuƙar rodi ba a wahalar da ita da shi. Malam Garba yana shan kwana, Bappa ya gyara zama.

“Sule, juya mini wilin nan.”

Na ce, “Ba cewa ya yi ka jira ba?”

“Cewa ya yi zai je ya dawo. Ban-ruwa kuma? Ni za a koya wa ban-ruwa?”

Ni ma da nawa laifin, don na juya. Ya tura wuƙar cikin gawayi, ina juyawa yana cewa in ƙara, har ta wuce ja ta koma kamar ƙwanduwar ƙwai, tana neman yin fari. Ya ce dabba sai ta ji ƙishi sosai take shan ruwan kirki. Ya kama ta da awartaki ya nutsa ta gaba ɗaya cikin komi. Ruwa ya yi ƙara, tururi ya tashi. Wallahi sai na ji Bappa yana fito a hankali, irin wanda makiyaya ke yi wa shanu a bakin mashaya don su kwantar da hankali su sha. Na ce ya cire ta mana haka nan. Ya ce ba a ɗaga kan saniya daga ruwa, ita take ɗagowa in ta ƙoshi.

Cikin fiton nan muka ji wata 'yar ƙara daga cikin ruwan, ƙyas, kamar an taka kwalba. Ya ciro ta. A ido lafiyarta ƙalau. Ya ɗan ƙwanƙwasa ta a uwar maƙera don ya ji muryarta, sai ta rabu uku.

Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo mini har maƙogwaro. Fuskarsa ce ta hana ni. Saura mako uku Salla.

Malam Garba ya dawo ya tarar da mu zaune kamar mu ne masu karɓar gaisuwa. Ya tsuguna ya ɗauki guntu ɗaya ya duba wurin karayar, ya nuna mana yadda cikin ya yi tsaki-tsaki kamar gishiri. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa, har da fiton. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya goge ido.

“Ɗan Fulani, ka shayar da ita kamar saniya!”

“Ai ban-ruwa ka ce.”

“Saniya ake bari ta ƙoshi. Wuƙa leɓe ake jiƙa mata. Ka ƙona ta, sannan ka dulmuya ta, me kake so ta yi?”

Da ya ga Bappa bai ɗago ba sai ya sassauta murya, iyakar yadda muryarsa ke sassautuwa. Ya ce kada ya damu, zanen yana kansa, zai ƙera masa irinta cikin kwana biyu, ba wanda zai san ba shi ya yi ba. Na ɗauka Bappa zai karɓa, don ni da ni ne da na karɓa. Ya daɗe yana juya guntun ƙarfen a hannunsa.

“Malam,” ya ce, “ban sani ba. Koya mini.”

Na goyo shi daga Wambai har gida. Sai da ya sauka a ƙofar zaure ya ce, “Gobe ƙarfe bakwai.” Na ce gobe ai Litinin ce, ba aji. Ya ce ya sani.

Haka muka koma zuwa kullum. Malam Garba bai bar shi ya taɓa sabon sifirin ba sai da ya yi kwana huɗu yana ban-ruwa a kan guntaye. Ga yadda abin yake. A inuwa ake yi, don rana tana ɓoye launin ƙarfe. Ana gasa shi ya yi ja kamar barkono, kada ya wuce haka. A tsoma bakin kawai, faɗin yatsa biyu, ana ɗan kai shi gaba da baya, numfashi uku, a ɗago. Bayan wuƙar yana nan da zafinsa. Sai a yi maza a goge bakin da dutse ya yi fari, a zuba ido. Zafin baya zai riƙa gangarowa yana tura launi a gabansa, da farko kamar busasshen kara, sannan kamar zuma, sannan ya yi duhu, sannan shuɗi. In ka tsoma da wuri, bakin zai yi tauri ya riƙa ɓantarewa. In ka bari shuɗi ya iso, ya yi laushi, ya lanƙwashe a wuyan dabba. A tsakanin kara da zuma ake kama shi, a nutsa wuƙar duka, kuma tsakanin nan bai fi ƙiftawar ido biyu ba.

Guntu na farko ya makara. Na biyu ya yi gaggawa. A na biyar ko na shida, yana tsugune ya ƙura ido, sai na ji ya ce, “Ole!” ya tsoma. Malam Garba ya karɓa ya gwada da magagari, ya dube shi.

“Me ka ce?”

“Ole. Haka muke kiran saniya mai wannan launin. Ba fara ba, ba ja ba. Kawuna yana da ita.”

Ashe abin da ya karya masa wuƙar farko shi ne zai gyara masa ta biyu. Mutumin da ya tashi yana bambance saniya ɗaya cikin ɗari da ɗan abin da launinta ya fi na 'yar'uwarta, ba zai sha wuyar launi huɗu a bakin ƙarfe ba. Ranar Asabar da sauran ɗalibai suka zo darasin ban-ruwa, su suna cewa ina, ina, shi ya riga ya gani. Malam Garba ya daina cewa zuma, ya koma yi musu tsawa, “Ole! Ole! Ku tsoma!” Bappa ya dawo da kafaɗarsa inda take, har ya fara gyara wa mai tsire riƙon awartaki, sai da aka tuna masa ajin ba nasa ba ne.

Wuƙa ta biyu kwana tara ta ɗauke shi, ta kuma fi ta farko kyau, don hannu ya riga ya san hanya. Saura mako ɗaya Salla aka yi mata ban-ruwa. Malam Garba ya karɓi wilin da kansa, ya ce ni in matsa can, an ga aikina. Bappa ya ciro ta ja kamar barkono, ya jiƙa mata leɓe, ya ɗago, ya goge, ya jira. Ni ban ga komai ba sai baƙin ƙarfe. Shi ya gani, ya nutsa ta. Muka kasa kunne, ruwan ya gama ƙararsa ya yi shiru.

Malam Garba ya ƙwanƙwasa ta a uwar maƙera, ta yi ƙara doguwa. Aka sa mata ƙota ta icen ƙirya, Bappa ya zauna da dutse wuni guda. Da la'asar ya shigo shagona ya ce in ba shi zare. Na riƙe zaren yana lilo, ya taɓa shi da bakin wuƙar, zaren ya faɗi. Ya sari tsohon ƙaho da ita sau uku, ya sake gwada zaren, ya sake faɗuwa. Hajiya Baraka, da aka kai mata labari, sai ga kube na jar fata ta aiko da shi daga wajen dukawa, daidai tsawon wuƙar. Wa ya ba ta awon, ban sani ba, ina dai zargin Nana Hadiza.

Ranar Salla aka tashi da hadari amma bai zubo ba. Muka dawo daga Idi, aka tabbatar liman ya yanka. Mahauta uku suna jira a ƙofar kangon da igiyoyi, an haƙa rami, rabin unguwa ta taru. Babbansu ya nufi Fansho zai jefa masa igiya a ƙaho, Bappa ya ce kada wanda ya ja shi. Ya shiga shi kaɗai, wuƙar tana cikin kube a bayansa ƙarƙashin riga. Ya sosa masa ƙarƙashin wuya, ya yi masa magana da Fulatanci, ya juya ya fito, Fansho ya biyo shi kamar yaro ya bi ubansa kasuwa. Shi ya nuna wa mahauta inda za su sa igiya, aka kwantar da shi a kan hagunsa yana fuskantar alƙibla, ba a buga shi da ƙasa ba.

Bappa ya durƙusa. Ya ja kunnen san ya rufe masa ido da shi. Sai a lokacin ya kai hannu baya. Na matso, don na yi wa kaina alkawari zan gani da idona. Ya ɗora wuƙar a wuyan.

“Bismillahi, Allahu Akbar.”

Ja ɗaya ya yi.

Babban mahaucin ya duba wuyan, ya duba wuƙar, ya ce, “Baba, wa ya ƙera maka wannan?” Hankalin Bappa yana kan Fansho. Yana durƙushe, hannunsa na hagu yana kan kunnen har san ya daina motsi. Sannan ya miƙe, ba wanda ya ɗaga shi, ya zo inda nake.

“Sule,” ya ce a hankali, bai dube ni ba. “Kai ba ka ƙarya sai a kan ɗinki. Ya wahala?”

“Wallahi bai wahala ba, Bappa. Bai ma sani ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce alhamdu lillahi. Ya miƙo mini wuƙar ta ƙota ya ce in riƙe masa, sai ya shiga kangon ya jawo ƙofar langa-langar. Jim kaɗan na ji shi. Shekara talatin da ɗaya muna bango ɗaya, na ji tarinsa, na ji faɗansa, na ji karatunsa na asuba, ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Ni ma idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba. Na ce wa mahauta su kama aikinsu, na kori masu leƙe, na tsaya a bakin ƙofar da wuƙar a hannuna har ya gama.